Alƙalami Ɗaya, Marubuta Biyu: Nasiha Ga Ɗalibin Da Ke Son Aikin Kuɗi Da Zuba Jari

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai arzurta bayi ta inda suka zata da inda ba su zata ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), wanda mutanen Makka suka shaida amanarsa a fatauci tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a watannin baya wani matashi daga Zawaciki ya tsaya a masallaci bayan sallar La'asar har jama'a suka watse, sannan ya matso ya durƙusa ya gaishe ni. Ya kammala digiri a fannin akanta, ya gama hidimar ƙasa, ya yi fiye da shekara yana yawo da takardu ofis-ofis. Mahaifinsa ya daɗe yana aiki a wata masana'antar fata a Challawa kafin a rage ma'aikata, kuma shi ne babba a ɗakinsu. A aljihunsa akwai takardar ɗaukar aiki daga wani bankin da ke mu'amala da kuɗin ruwa, a sashen ba da lamuni.

Ya ce: "Allah gafarta Malam, Baba ya ce in na karɓi aikin nan ba zai ci abincin da na sayo ba. Inna ba ta ce komai ba, amma na san halin da tukunyarmu take ciki. Ashe karatun nan na shekara huɗu asara na yi ke nan?"

Na ce masa: "Ɗana, ba ka yi asara ba, kuma mahaifinka ba ƙin ci gabanka yake yi ba. Zauna mu yi magana."

Abin da muka tattauna a ranar shi nake son faɗaɗawa a wannan fili, domin irinsa suna da yawa a jami'o'inmu da kwalejojinmu, kuma iyayensu ma suna bukatar su san inda aka kwana.

Marubuci na farko da na biyu

Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma ita ce ta 282 a Suratul Baƙara, kuma maganar bashi take yi. Ta umarci masu imani su rubuta bashin da suka ƙulla zuwa wani ajali, ƙarami ne ko babba. Ta nemi a samu marubuci mai adalci a tsakani, ta hana wanda Allah Ya sanar da shi rubutu ya ƙi rubutawa, ta kawo batun shaidu, sannan ta hana a cutar da marubucin ko mai shaida. Duk wanda ya karanci akanta, idan ya zauna da wannan aya da tafsirinta, zai ga sana'arsa ake siffantawa: adana lissafi, kiyaye haƙƙi, da toshe ƙofar rigima tun ba ta taso ba.

Haka nan Annabi Yusuf (AS), kamar yadda ya zo a aya ta 55 ta surar da ke ɗauke da sunansa, shi da kansa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasar Masar, ya kafa hujja da siffofi biyu: iya tsare abin da aka ba shi da kuma sanin aikin. Da wannan muƙami ya tanadi abincin shekaru bakwai na yalwa ya ceci al'umma a shekaru bakwai na fari. Saboda haka neman aikin kula da dukiya ba kwaɗayi ba ne ga wanda ya cancanta.

To amma akwai wani marubucin. Imamu Muslim ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya la'anci mai cin kuɗin ruwa da mai bayar da shi da marubucinsa da shaidunsa biyu, ya kuma bayyana cewa daidai suke a cikin laifin. Ka ga alƙalami ɗaya ne, ilimin lissafin ma ɗaya ne, amma marubuci guda an umarce shi da ya rubuta, ɗayan kuwa an la'ance shi saboda ya rubuta. Bambancinsu yana ga yarjejeniyar da ke kan takarda. Tambayar da ya kamata ɗalibi ya yi wa kansa tun yana aji ɗaya ita ce: wane marubuci nake shirin zama?

A nan ya kamata mu warware wata sarƙaƙiya ta harshe. Abin da Larabci yake kira riba, wanda Allah Ya haramta, shi ne muke kira kuɗin ruwa, wato ƙarin da ake sharɗantawa a kan bashi. Ribar da Bahaushe ya sani ta ciniki kuwa halal ce tsantsa. A cikin wannan rubutu, duk inda na ce riba, ta ciniki nake nufi; inda na ce ruwa, haramtaccen nake nufi.

Ƙofofin da ba su buɗe wa iyayenmu ba

Mahaifin wannan matashi ya taso ne a zamanin da kalmar banki take nufin ruwa, ba wani zaɓi. Yau al'amarin ya sauya, kuma wajibi ne ɗalibi ya san tarihin sauyin.

A 1963 aka fara gwajin asusun ajiya marar ruwa a garin Mit Gamr na Masar ƙarƙashin Dokta Ahmad An-Najjar, a shekarar kuma Malesiya ta kafa asusun tara kuɗin aikin Hajji wanda daga baya ya zama Tabung Haji. A 1975 aka buɗe Bankin Musulunci na Dubai, Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda shi ma ya fara aiki, wanda Najeriya ta shiga cikinsa a 2005.

A gida Najeriya, yunƙurin kafa Jaiz ya fara tun 2003 ƙarƙashin jagorancin Alhaji Umaru Mutallab, amma sai a 2011, lokacin da Malam Sanusi Lamiɗo Sanusi yake Gwamnan Babban Bankin Najeriya, aka fitar da ƙa'idojin bankin da ba ya mu'amala da ruwa. Waɗanda suka bibiyi jaridun wancan lokaci ba za su manta da ƙurar da ta tashi ba. A watan Janairun 2012 Jaiz ya buɗe ƙofa da rassa uku, a Abuja da Kaduna da Kano. TAJBank ya biyo baya a ƙarshen 2019, Lotus Bank a 2021, sai kuma The Alternative Bank. A ɓangaren inshora, hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, aka samu kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful. A ɓangaren fansho, hukumar PenCom ta buɗe asusu na shida, wanda ba a juya kuɗinsa ta hanyar ruwa.

Sai sukuk, wato takardun mallakar wani kaso na kadara wanda mai su yake karɓar kuɗin haya maimakon ruwa. Jihar Osun ce ta fara fitar da shi a 2013 don gina makarantu. A 2017 Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa ya fitar da sukuk na Gwamnatin Tarayya na Naira biliyan 100, na tsawon shekara bakwai, aka zuba kuɗin a ayyukan hanyoyi 25 a shiyyoyi shida na ƙasar nan. Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Maiduguri ya ga allunan da ke ɗauke da sunan sukuk a bakin titi. Tun daga nan an sake fitar da shi sau da dama.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare yana bukatar akanta, da mai binciken kuɗi, da mai tantance masu neman jari, da lauya, da masanin kwamfuta, da mai bibiyar bin ƙa'idar shari'a. Kowane banki marar ruwa dole ne ya samu kwamitin malamai masu ba shi shawara, Babban Bankin ma yana da nasa. Wannan fage bai keɓanta da maza ba: Hajiya Hajara Adeola ce ta kafa kamfanin Lotus Capital a 2004, wanda ya zama na gaba-gaba wajen juya dukiya ta hanyar halal a ƙasar nan.

Abin da Sharaɗa, Challawa da Bompai suke jira

Kuskuren da ɗalibai da yawa suke yi shi ne zaton aikin kuɗi yana nufin zama a bayan kanta a banki da laƙtaye a wuya. Ɗan Zawaciki ba ya bukatar ya yi nisa kafin ya ga inda ake neman iliminsa. Yana zaune ne a maƙwabtan Challawa, ga Sharaɗa kusa, ga Bompai can gabashin birni. Waɗannan unguwanni su ne suka sa aka san Kano da masana'antu: fata, saƙa, robobi, man gyaɗa, sabulu, alewa da kayan abinci. Kowa ya san da yawa daga cikinsu sun rufe, saboda matsalar wutar lantarki, da kayan waje masu araha, da tsadar canjin kuɗi. Akwai kuma wata cuta da ba a cika ambata ba, ita ce bashin ruwa. Mai masana'anta ya ci bashi don sayen kayan aiki, wuta ta ɗauke, injin ya tsaya, amma ruwan bai tsaya ba. Kwana yake yana ƙaruwa har ya cinye masana'antar da aka jinginar. Wasu attajiran kuwa, don tsoron Allah, sun ƙi kusantar banki gaba ɗaya, sai harkarsu ta tsaya inda ƙarfin aljihunsu ya tsaya.

A watan Janairun 2023 aka ƙaddamar da Tashar Tsandauri ta Dala a Zawaciki, cikin Ƙaramar Hukumar Kumbotso, domin ɗan kasuwa ya iya kammala takardun shigo da kaya ko fitar da su daga nan Kano. Riɗi da zoɓo da citta da ake tarawa a Kasuwar Dawanau, da fatar da ake jemewa a Challawa, duk kayan fitarwa ne, kuma kowace kwantena tana tafe da lissafi, da jari, da inshora, da takardun banki. Wa zai tsara wa waɗannan mutane hanyar samun jari wadda ba za ta kai su ga fushin Allah ba?

Fiƙihu ya riga ya tanadi hanyoyin. Bari mu buga misali. Mai masana'antar robobi a Sharaɗa yana bukatar ɗanyen kaya na Naira miliyan 10. A tsarin murabaha, banki zai sayi kayan da kansa, ya mallake su, sannan ya sayar masa a kan miliyan 11 da rabi, a biya cikin wata shida. Farashin ya tabbata tun ranar ciniki, ba ya ƙaruwa ko da biyan ya yi jinkiri. Idan injin yake so, akwai ijara: banki ya sayi injin ya ba shi haya, kuma nauyin da ke kan mai kadara yana kan bankin. Manomin riɗi yana da salam: a biya shi kuɗin gaba ɗaya yau, ya kawo kaya masu sananniyar siffa da sanannen awo a sanannen lokaci. Wanda za a ƙera wa kaya ko a gina masa rumbu yana da istisna'i. Sai musharaka, inda ake haɗa jari a raba riba bisa yarjejeniya, asara kuma gwargwadon jarin kowa.

Akwai kuma ƙiradi, wanda wasu malamai suke kira mudaraba: wani ya kawo dukiya, wani ya kawo ƙwarewa. Riba ana raba ta kashi-kashi, rabi ko sulusi, ba a yanka wa kowa ƙayyadadden adadi. Idan asara ta zo ba tare da sakaci ba, mai dukiya ya rasa dukiyarsa, mai aiki ya rasa wahalarsa. A kan dukiyar Nana Khadija (RA) Manzon Allah (SAW) ya yi fatauci zuwa Sham. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne ga Kanawa. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, waɗanda Alhaji Alhassan Ɗantata ya taso a cikinsu, da amana da rabon riba suka yi ta juya dukiya, kuma har gobe a Kantin Kwari ubangida yana ba yaronsa jari a raba abin da Allah Ya kawo. Abin da ya yi ƙaranci shi ne marubuci: wanda zai zauna ya rubuta sharuɗɗa, ya adana lissafi, don kada zumunci ya ɓaci ranar da ubangida ya rasu magada suka zo da tambaya.

Guzuri biyu

Imamu Tirmizi ya ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya hana wanda bai fahimci addini ba ya yi ciniki a kasuwar Musulmi. Idan haka ne ga mai sayar da dabino, ina ga wanda zai riƙe littafin dukiyar dubban mutane?

Guzuri na farko shi ne fiƙihun mu'amala. Da yawanmu mun karanta Ahalari da Ishmawi, mun shiga Risala, amma da an wuce babin Hajji sai ƙafa ta ɗauke, alhali babin ciniki yana gaba. Ya kai ɗalibi, koma wurin malaminka ka ce wannan babin kake so. Ka san rukunan ciniki, da nau'o'in ruwa, da garari, wato cinikin abin da ba a san haƙiƙaninsa ba, da hukuncin sayar da abin da ba ka mallaka ba, da ƙa'idar canjin kuɗi hannu da hannu, wadda ’yan canjin Wapa suke rayuwa a kanta kullum. Magabatanmu ba su raina wannan fanni ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen neman abin kai.

Muhimmancin wannan ilimi yana bayyana ne a wurin aiki. Sunan Musulunci a jikin allo ba ya halatta yarjejeniya. Idan ma'aikaci ya miƙa wa abokin ciniki tsabar kuɗi, ya cika takardar murabaha alhali babu kayan da aka saya, to bashi da ruwa ya rubuta, an dai sauya masa riga. Ma'aikacin da ya san fiƙihu shi ne zai ajiye alƙalami ya ce a kawo shaidar sayen kayan tukuna.

Guzuri na biyu shi ne ƙwarewa ta gaskiya. Taƙawa ba ta daidaita lissafin da ya karkace. Wanda ya zaɓi akanta ya nemi jarrabawar ICAN ko ANAN, kuma ICAN tana da matakin farko da ɗalibi zai iya farawa tun yana makaranta. Mai son aikin banki akwai cibiyar ma'aikatan banki ta CIBN, mai son kasuwar hannun jari akwai cibiyar dillalanta. A nan Kano, Jami'ar Bayero tana da cibiya ta musamman ta nazarin banki da hada-hadar kuɗi na Musulunci, inda ake yin babbar difloma da digiri na biyu. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain, wadda aka kafa a 1991, ita ce take fitar da ƙa'idojin shari'a da na lissafi da bankunan Musulunci da yawa suke bi, kuma tana ba da takardar shaida ga akantoci da masu binciken shari'a. Ka ƙware a manhajar Excel, ka gyara Turancinka da Larabcinka, domin littattafan fannin a cikinsu suke.

Kada kuma ka jira sai ka gama. Idan lokacin koyon aiki ya zo, ka nemi ɗakin lissafi na wata masana'anta a Sharaɗa ko Bompai, ko da ba za a ba ka ko kwabo ba. Ka riƙe littafin shagon kawunka a Kasuwar Singa, ko na adashin matan gidanku, ko na kwamitin masallacin unguwa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma mai ɗaukar aiki ya fi yarda da wanda ya taɓa rufe littafi a ƙarshen wata.

Hukuncin aiki a bankin ruwa

Wannan ita ce tambayar da ta kawo matashin, kuma ba zan kewaye ta ba. Aikin da ya shafi ƙulla bashin ruwa kai tsaye, kamar tallata shi, ko rubuta yarjejeniyarsa, ko lissafa shi, ko sa hannu a matsayin shaida, hadisin Jabir ya shafe shi, kuma ba a shigarsa da zaɓi. Ayyukan da ba su taɓa ruwa kai tsaye ba kuwa, malaman zamani sun yi saɓani a kansu: wasu sun hana saboda taimakekeniya ce a kan saɓo, wasu sun yi rangwame, musamman ga mai bukata ko mai niyyar koyon aiki ya koma inda ya halatta. Wanda ya riga ya tsinci kansa a ciki da iyali a wuyansa, kada a mayar da shi abin zagi a unguwa. Ya nemi a sauya masa sashe, ya dage da neman mafita da gaske, ya kai takamaiman halinsa gaban malami masani mai tsoron Allah. Fatawar mutum ɗaya ba ta zama rigar kowa.

Ka kuma tuna cewa banki ɗaki ɗaya ne a cikin babban gida. Akwai lissafin masana'antu da asibitoci da makarantu, akwai binciken kuɗi, akwai haraji, akwai hukumomin da ke sa ido, akwai Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano da sauran cibiyoyin waƙafi, akwai rabon gado na manyan dukiyoyi, wanda yake neman wanda ya haɗa ilimin fara'ila da iya ƙiyasta kadara.

Zuba jari da ɗan abin hannu

Ɗalibin da zai ba wasu shawara gobe ya kamata ya fara gwadawa da nasa yau. A fitowar sukuk na Gwamnatin Tarayya da suka gabata, da Naira 10,000 ana iya shiga. Sayen hannun jari a kamfani ma ya halatta idan asalin sana'arsa halal ce. Ba kamfanin giya ba, ba na caca ba, ba bankin ruwa ba. Ƙa'idar AAOIFI ta ƙara sharuɗɗa: bashin ruwan da ke kan kamfanin kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajarsa a kasuwa, haka ma kuɗin da ya ajiye a asusun ruwa, sannan abin da ya shigo masa ta haramtacciyar hanya kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigarsa, kuma mai hannun jari ya fitar da wannan kaso ya bayar ba da niyyar neman lada ba. Tun 2012 kasuwar hannun jari ta Najeriya take da jerin kamfanonin da aka tace a kan irin wannan ma'auni. Idan dukiya ta kai nisabi, wato kimar zinare giram 85, shekara ta zagayo, a fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari.

Sai a yi hattara da tarko. A watan Disambar 2016 MMM ta rufe asusun mutane, a watan Afrilun 2025 CBEX ta tafi da dukiyar jama'a, kuma tsakaninsu an yi wasu da yawa, har da waɗanda suka zo da sallama da ayoyi a bakinsu. Alamarsu ɗaya ce: riba mai yawa, tabbatacciya, cikin ɗan lokaci, da ladan kawo wani. Wanda ya karanta babin ƙiradi ba ya faɗawa, domin ya san duk jarin da aka lamunce maka uwar kuɗi da ƙayyadaddiyar riba ya fita daga ƙiradi. Kafin ka miƙa kuɗinka, ka bincika ko kamfanin yana da rajista da hukumar SEC, ka tambayi abin da ake saya da abin da ake sayarwa. Haka nan cinikin kuɗaɗen waje ta intanet da ake yi da bashin dillali, majalisun fiƙihu na zamani sun hana shi, saboda ruwan da ke ciki da rashin karɓa hannu da hannu. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma zunubin ya fi nauyi ga ɗalibin da ya ja ’yan ajinsu da iyayensa mata suka shiga saboda sun yarda da karatunsa.

Amana ita ce jarin farko

Ranar da ka fara aiki, jarrabawar da za ta zo maka ba a takarda take ba. Maigida zai ce a yi littafi biyu, ɗaya na gaskiya ɗaya na masu haraji. Mai neman jari zai aiko da buhun shinkafa gida kafin ka duba takardunsa. Ɗan'uwa zai tambaye ka nawa ne a asusun wane. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin ma'aikacin zakka, Ibnul Lutbiyya, wanda ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka ba shi. Manzon Allah (SAW) ya hau mumbari ya yi inkarin haka, ya nuna cewa da a gidan iyayensa ya zauna da ba wanda zai kawo masa. Kyautar da kujera ta jawo ba taka ba ce. A wannan fage, sunan kirki da aka yi shekara goma ana ginawa sa hannu ɗaya yake rushe shi.

Ga iyaye kuma

Ya ku iyaye, kada tsoron ruwa ya sa mu hana ’ya'yanmu, maza da mata, karatun tattalin arziki da akanta. Idan masu tsoron Allah suka ƙaurace wa fagen, wa muka bar wa dukiyar marayu da fanshon tsofaffi da asusun masallatai? Abin da ya dace shi ne mu haɗa musu karatun biyu, mu kuma yi haƙuri da su idan suka zaɓi albashi kaɗan mai tsarki. Uban da ya ce ba zai ci ruwa ba, ya kamata ya zama na farko da zai rage buƙatunsa a kan yaron.

Shi kuwa matashin Zawaciki, bai karɓi aikin ba. Ya yi wata huɗu yana zaune, watanni masu nauyi a gidansu, har wasu dangi suka ce ya yi wauta. Daga baya ya samu aikin lissafi a wata ƙaramar masana'anta a Sharaɗa, albashin bai kai rabin wancan ba. Yana shirin jarrabawar akantoci, ran Asabar da Lahadi kuma yana zuwa da Risalarsa muna bin babin ciniki. Kwanan baya ya ce mini maigidansa ya sa shi ya rubuta yarjejeniyar ƙiradi tsakaninsa da wani dillalinsa, bayan shekaru suna yi da baki, kuma mahaifinsa ne ya zauna a matsayin ɗaya daga cikin shaidu.

Allah Ya wadata mu da halal ɗinSa ga barin haram, Ya sanya albarka a karatun ’ya'yanmu, Ya farfaɗo da masana'antunmu, Ya sa alƙalumanmu su zama hujja gare mu ranar da za a buɗe littattafai. Wallahu a'alam.